Gonar Lexington: Tarihin Ƙoƙarin Riƙe Ɗaurarru a Kan Maganin Shaye-shaye a Amurka

Raba mutum da ƙwaya na ƴan kwanaki abu ne da ƙofar ƙarfe kaɗai ma tana iya yi. Duk wanda aka kulle, aka hana abin maye isa gare shi, zai sha wuya na mako guda ko biyu, daga nan jikinsa ya lafa. Abin da ya gagari likitoci da mahukuntan gidajen kaso shekara da shekaru shi ne yadda za a sa mutumin ya tsaya a kan magani har ya kai ƙarshensa, ya kuma ɗore a kai bayan an buɗe masa ƙofa. Wannan maƙala za ta waiwayi yadda ƙasar Amurka ta yi fama da wannan matsala tun daga shekarar 1914, tare da tsayawa sosai a kan wani gida guda da aka gina a garin Lexington na jihar Kentaki, wanda aka yi masa laƙabi da Gonar Masu Jarabar Ƙwaya.

Akwai kalmomi uku da ya kamata ɗalibi ya riƙe tun daga nan. Abin da muke kira gidan kaso, wanda a Nijeriya aka fi sani da gidan yari ko kurkuku, kashi biyu ne a tsarin Amurka. Akwai gidan wakafi, wanda ke hannun hukumar gari ko gunduma, inda ake tsare wanda ke jiran shari'a da wanda aka yanke wa ɗaurin da bai wuce shekara ba. Akwai kuma babban kurkuku na jiha ko na tarayya, inda ake zaman shekaru. Kalma ta biyu ita ce yaye, wadda za a yi amfani da ita don nufin raba jiki da abin da ya saba da shi, da azabar da ke biyo bayan haka. Ta uku ita ce sakin talala, wato a saki ɗaurarre kafin wa'adinsa ya cika bisa wasu sharuɗɗa, a ɗora masa jami'in da zai riƙa bibiyarsa. Bahaushe ya samo talala daga kiwo, inda ake ɗaure dabba da doguwar igiya ta yi kiwo amma ba ta iya yin nisa, kuma da wuya a samu kalmar da ta fi wannan dacewa da tsarin.

Yadda mashaya suka cika kurkuku

Kafin 1914, Ba'amurke yana iya shiga kantin magani ya sayi mofin ko ruwan ofiyom ba tare da wata wahala ba. A watan Disamba na wannan shekara aka sa hannu kan Dokar Harrison, wadda a fuska dokar haraji ce: likita da mai sayar da magani su yi rajista, su biya kuɗi kaɗan, su riƙa rubuta abin da suka bayar. Amma jami'an baitulmali da aka ɗora wa aiwatar da ita sun fassara ta da cewa likita ba shi da ikon rubuta wa mai jaraba ƙwaya don kawai ya kwantar masa da jarabarsa. A 1919 Kotun Ƙoli ta goyi bayansu a shari'ar Webb. Garuruwa kusan 40 sun buɗe ɗakunan shan magani inda ake ba masu jaraba mofin a farashi mai sauƙi, amma gwamnatin tarayya ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana rufewa. Wanda ya fi shahara a cikinsu, na garin Shreveport a jihar Luwiziyana, wanda Dokta Willis Butler ke gudanarwa, an rufe shi a 1923.

Sakamakon bai ɗauki lokaci ba. Mutumin da jiya majiyyaci ne, yau ya zama mai laifi, domin ba shi da inda zai samu abin da jikinsa ke nema sai kasuwar bayan fage. Ya zuwa 1928, kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗaurarrun manyan kurkukun tarayya, wato Atlanta da Leavenworth da tsibirin McNeil, laifin ƙwaya ne ya kai su. Shugabannin waɗannan gidaje sun koka da cunkoso, sun kuma koka da cewa masu jaraba suna shigo da ƙwaya suna lalata sauran ɗaurarru. Wannan kuka, fiye da tausayi, shi ne ya haifi dokar 1929 da ɗan majalisa Stephen Porter ya gabatar, wadda ta ba da umarnin gina gonaki biyu don masu jaraba. Ta Lexington ta buɗe a watan Mayun 1935, ta Fort Worth a jihar Teksas ta biyo baya a 1938.

Gida mai fuska biyu

Gonar Lexington tana zaune a kan fili mai faɗin fiye da hekta 400, kuma an tsara ta don ɗaukar mutum 1,000. Hukumar lafiyar jama'a ce ke gudanar da ita tare da hukumar gidajen kaso, shugabanta na farko kuwa likitan ƙwaƙwalwa ne mai suna Lawrence Kolb, wanda ya yi imani cewa jaraba ciwo ce. Tagoginta suna da ƙarafa kamar na kowane kurkuku, amma mazauna cikinta majiyyata ake kiransu. Sabon zuwa ana yaye shi a hankali, ana rage masa mofin kullum har a daina. Daga nan a gyara masa haƙora, a ciyar da shi har ya yi ƙiba, a ba shi aiki: noma, tatsar shanu, ɗinki, aikin katako ko ɗab'i. Akwai filayen wasanni da zauren kallo. Likitocin sun ɗauka cewa iska mai kyau da aikin ƙarfi da zama nesa da birni za su gina wa mutum sabon hali, kuma suna ganin hakan na bukatar wata huɗu zuwa shida aƙalla.

Mutane iri biyu ne suka fi yawa a gidan. Akwai ɗaurarrun da alƙali ya turo, waɗanda ba su da zaɓi sai su zauna har wa'adi. Akwai kuma ƴan sa-kai, waɗanda suka zo da ƙafarsu suka ƙwanƙwasa ƙofa, domin a wancan zamani da wuya a samu wani wuri a faɗin ƙasar da talaka mai jaraba zai je a karɓe shi. Tun daga farko ƴan sa-kai suka zame wa gidan ƙashin kifi a wuya. Suna sa hannu a takarda cewa za su zauna har likita ya sallame su, amma a 1936 wata kotun tarayya ta yanke hukuncin cewa ba a da ikon tsare wanda ya zo don kansa idan ya ce zai tafi. Daga nan ƙofa ta zama a buɗe gare su. Kimanin kashi 70 cikin 100 na ƴan sa-kai sun fita ba da yardar likita ba, da yawansu cikin makonnin farko, da zarar azabar yaye ta wuce ko kuma tun tana tsaka. Wasu sun riƙa zuwa suna komawa har sau goma ko fiye. Da yawa ma ba don su daina suke zuwa ba: idan jarabar mutum ta yi girman da kuɗinsa ba sa iya ɗauka, sai ya zo gona a rage masa ita, ya koma titi inda ƙwaya kaɗan za ta ishe shi. Marubuci William Burroughs ya kai kansa a 1948, ya fita kafin lokaci, ya kuma ba da labarin zaman a littafinsa mai suna Junkie da ya fito a 1953.

Dabarar da aka ɓullo da ita don toshe wannan kafa tana da ban mamaki. A cikin shekarun 1940 jihar Kentaki ta yi dokar da ta mai da shan ƙwaya a kai a kai laifi mai ɗaurin shekara guda. Ɗan sa-kan da ya taɓa fita ba da izini ba, idan ya dawo yana so a sake karɓarsa, sai a ce ya je gaban alƙalin gari ya amsa wannan laifi. Alƙali ya yanke masa shekara guda, sannan ya jingine hukuncin bisa sharaɗin ya zauna a gona har a sallame shi. Idan ya gudu, kurkukun gunduma na jiransa. Mutum ke nan ya je da kansa ya roƙi a ɗaure shi don ya san ba zai iya riƙe kansa ba, kuma an samu waɗanda suka yi haka da zuciya ɗaya.

Ba tilas kaɗai aka gwada ba. Hukumar gidan ta lura cewa makaɗa suna da yawa a cikin majiyyata, domin hiroyin ta yi ɓarna ƙwarai a tsakanin masu kiɗan jaz na shekarun 1940 da 1950. Sai aka samar musu da kayan kiɗa da ɗakunan gwaji, aka bar su suna busa da kiɗa na sa'o'i da dama kowace rana. Chet Baker da Elvin Jones da Tadd Dameron duk sun zauna a can, Sonny Rollins kuwa ya kai kansa a 1955, ya fito ya kuma rabu da hiroyin. A ganina wannan na daga cikin abubuwa masu hikima da gidan ya yi, domin ya ba mutum dalilin tashi da safe wanda ya fito daga abin da shi kansa yake so. Sai dai ba kowa ne makaɗi ba, kuma tatsar shanu ba ta da wani amfani ga yaron da zai koma unguwar Harlem.

A ɓangaren giya, hanyar ta ɗan bambanta. Ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato ta mashaya giya masu sakaya suna, an kafa ta a 1935, shekarar da gonar ta buɗe. A 1942 shugaban kurkukun San Quentin na Kaliforniya, Clinton Duffy, ya ba ta izinin yin zama da ɗaurarru, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Amfanin wannan tsari shi ne ƙungiyar da mutum ya shiga a ciki ita ce zai tarar a waje, da irin zamanta da irin maganganunta. A 1947 aka kafa makamanciyarta a Lexington don masu jarabar ƙwaya. Amma yawancin mashaya giya ba sa kai wa ga babban kurkuku. A gidan wakafi suke ƙarewa, a kwana da su ko a yi musu ƴan kwanaki, a sake su, a sake kamo su. Wani kwamitin shugaban ƙasa ya ƙididdige cewa a 1965 an yi kamu miliyan 2 saboda buguwa a bainar jama'a, wato ɗaya cikin kowane kamu uku da ƴan sandan ƙasar suka yi.

Abin da alƙaluma suka nuna

Shekaru da dama gonar tana aiki ba tare da an san takamaiman abin da ke faruwa da waɗanda ta sallama ba. Da aka bincika, labarin bai yi daɗi ba. Wani nazari da Hunt da Odoroff suka buga a 1962 ya bi sawun mutum 1,912 ƴan birnin Niyu Yok da aka sallama daga gonar, ya gano cewa fiye da kashi 90 cikin 100 sun koma gidan jiya, mafi yawansu cikin wata shida. Wannan adadi ya zama sandar da masu adawa da magani suka riƙa dukan gidan da ita.

Amma wani matashin likita, George Vaillant, ya dubi lamarin ta wata fuska. Ya ɗauki mutum 100 daga cikin ƴan Niyu Yok da suka shiga gonar a farkon shekarun 1950, ya bi rayuwarsu shekara 12, ya buga sakamakon a 1966. Gaskiya ne kusan dukkansu sun koma sha bayan fitarsu. To amma bayan shekara 12, kusan rabinsu sun daina, suna zaune cikin jama'a. Sai ya tambayi abin da ya gabaci dainawar. Kwanciyar asibiti ta son rai da gajeren ɗauri, duk da an yi su sau ɗaruruwa a tsakanin mutanen nan, da wuya ƙwarai suke haifar da ko shekara guda ta ƙauracewa. Abin da ya fi tasiri shi ne ɗauri mai ɗan tsawo wanda sakin talala na shekara guda ko fiye ya biyo bayansa: kusan biyu cikin uku na irin waɗannan sun kai shekara ba su sha ba. Vaillant ya danganta haka da cewa jami'in talala yana tilasta wa mutum ya nemi aiki ya kuma riƙe shi, ya sauya abokai, ya zo a gan shi a kai a kai. Wato dai igiyar ta yi aiki ne a wurin da jarabar take zaune, a unguwar mutum, alhali gonar tana da nisan kilomita kusan 1,000 daga Niyu Yok, kuma ba ta da kowa a can da zai karɓi wanda ta sallama.

Bayanin dalilin haka daga cikin gonar kanta ya fito. A sashen bincike akwai likita mai suna Abraham Wikler, wanda ya saurari wani abu da majiyyata ke ta faɗa sauran likitoci suna ɗaukarsa uzuri. Mutum ya yi wata da watanni bai taɓa ƙwaya ba, jikinsa garau, amma ranar da jirgin ƙasa ya doshi garinsu, ya fara ganin titunan da ya sani, sai hamma ta kama shi, hanci ya fara zuba, ciki ya murɗa, kamar jiya ya daina. Wikler ya bayyana cewa jiki yana koyon haɗa wuri da yanayi. Mutumin da ya sha azabar yaye sau ɗari a wata kusurwar titi yana jiran dillali, kusurwar kanta za ta iya tayar masa da azabar. Daga baya binciken Lee Robins a kan sojojin Amurka da suka dawo daga yaƙin Biyetnam ya ƙarfafa wannan fahimta ta bayan gida: kimanin ɗaya cikin biyar sun kamu da jarabar hiroyin a can, amma a cikin waɗanda suka kamu, kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai jarabar ta dawo musu a shekarar farko bayan komawa gida, inda babu abin da ke tuna musu da ita.

Wannan sashen bincike yana da tarihi mai haske da duhu. A nan Harris Isbell da abokan aikinsa suka gwada metadon a ƙarshen shekarun 1940, suka nuna yana sauƙaƙa yaye. A nan ne kuma aka tabbatar a 1955 cewa farfaɗiya da gane-ganen da ke kama mashayin giya daga yanke giyar kwatsam suke tasowa, wanda ke nufin jefa babban mashayi cikin ɗakin wakafi ba likita na iya zama ajalinsa. Amma duk waɗannan gwaje-gwaje a jikin ɗaurarru aka yi su. Har zuwa tsakiyar shekarun 1950, ladan da ake ba wanda ya ba da jikinsa ya haɗa da zaɓi tsakanin rage masa kwanakin ɗauri ko a ba shi mofin ko hiroyin, kuma yawancinsu ƙwayar suke zaɓa. Da kuɗin hukumar leƙen asiri ta CIA, Isbell ya gwada ƙwayar LSD mai sa gane-gane, har aka riƙe wasu mutum bakwai a kanta kwana 77 a jere. Majalisar Dattawa ta tone wannan a 1975, aka kuma dakatar da gwaji a kan ɗaurarrun tarayya a 1976. Mai karatu zai lura cewa a gidan da aka rasa abin da zai riƙe mutane a kan magani, sashen da bai taɓa rasa masu sa kai ba shi ne wanda ke biya da abin da aka zo yayewa.

Bayan gona

A 1962 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Robinson cewa ba za a hukunta mutum don kawai yana da jaraba ba, amma ta bar ƙofa a buɗe ga jiha ta tilasta masa magani. Kaliforniya ta riga ta fara haka a 1961 da wani shiri na tsawon shekara bakwai: ƴan watanni a killace, sauran a waje ƙarƙashin talala da gwajin jiki a kai a kai. Wani kuskuren shari'a ya sa aka saki mutane da yawa daga shirin a shekarunsa na farko, abin da ya ba masu bincike McGlothlin da Anglin damar kwatanta su da waɗanda suka zauna, kuma waɗanda suka zauna sun fi rage shan yau da kullum da aikata laifi nesa ba kusa ba. Jihar Niyu Yok ta kwaikwayi tsarin a 1966, ta kashe maƙudan kuɗi, amma ta zuba mutane a tsofaffin gidajen kaso da tsofaffin gandirobobi, ta yi sakaci da bibiya, shirin ya ruguje cikin ƴan shekaru. Dokar tarayya ta 1966 ita ma ta tanadi wata shida a asibiti da shekara uku na kulawa a garin mutum. Da wannan doka zamanin gonar ya fara ƙarewa. An mai da Fort Worth kurkuku zalla a 1971, Lexington kuma a 1974.

A shekarar da aka rufe babin Lexington, wani masanin zamantakewa, Robert Martinson, ya buga wata maƙala da aka taƙaita ta a bakin jama'a da cewa babu wani shirin gyaran ɗaurarru da ke aiki. Ya sassauta ra'ayinsa a 1979, amma ƴan siyasa sun riga sun samu abin da suke so, kuɗin gyara ya ragu, ginin kurkuku ya ƙaru.

Abin da ya farfaɗo da magani a cikin kurkuku daga tsofaffin mashaya ya fito. A 1958 Charles Dederich ya kafa Synanon a Kaliforniya, gidan da masu jaraba ke zaune tare suna gyara juna da faɗar gaskiya mai ɗaci, babu likita. Synanon kanta ta lalace ta koma ƙungiyar bautar shugaba, har mabiyanta suka sa wa wani lauya maciji a akwatin wasiƙa a 1978. Amma salon zaman gyaran juna ya rayu a wasu gidaje, ya kuma shiga kurkuku da shirin Stay'n Out na Niyu Yok a 1977. Ana ware ɓangare guda na kurkuku, mazaunansa su riƙa tafiyar da harkokinsu, sabon zuwa ya fara daga shara ya riƙa hawa mataki, malamansa kuwa mutane ne da suka taɓa zama a irin gadon da yake kwance. Harry Wexler, wanda ya auna shirin, ya gano cewa sakamako yana ƙara kyau gwargwadon daɗewar mutum har zuwa wata 9 zuwa 12, daga nan sai ya fara raguwa, wataƙila don wanda ya gama shiri aka ci gaba da tsare shi gwiwarsa sanyi take yi. A kurkukun Donovan na Kaliforniya, bayan shekara uku, kashi 27 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka gama shirin ciki suka kuma gama na waje suka koma kaso, alhali a sauran rukunoni kusan uku cikin huɗu ne suka koma, har da waɗanda suka gama na ciki kaɗai. Wannan adadi yana bukatar taka tsantsan, domin waɗanda suka je shirin waje su ne suka zaɓi zuwa, kuma mai yiwuwa dama su ne masu niyya. Duk da haka, rashin bambanci tsakanin wanda ya yi wata tara yana magani a ciki da wanda bai yi komai ba magana ce mai nauyi.

Gwamnatin tarayya ta koma ga tsohon ladan nan na rage kwanaki, ta hanya mai tsabta a wannan karo. Dokar 1994 ta ba da damar rage har shekara guda ga ɗaurarren da laifinsa ba na zub da jini ko ƙarfi ba ne idan ya kammala shirin sa'a 500, wanda ke ɗaukar kimanin wata tara. Nan take jerin masu jira ya yi tsawo, har aka samu masu ƙirƙiro wa kansu tarihin shaye-shaye don su samu shiga.

Duk waɗannan shirye-shirye na babban kurkuku ne, inda lokaci ke da yawa. Gidan wakafi lamarinsa dabam. Amurka tana da irinsu kimanin 3,000, waɗanda a 2019 suka karɓi shiga fiye da miliyan 10, matsakaicin zama kwana 26, kusan biyu cikin uku na mazauna kuma ba a yanke musu hukunci ba. Ba a iya tsara shirin wata tara ga mutumin da za a iya bayar da belinsa gobe da asuba. A nan ne metadon ya sake shigowa. Vincent Dole da Marie Nyswander sun nuna a tsakiyar shekarun 1960 cewa kurɓi guda a rana yana kwantar da ƙishirwar hiroyin ba tare da ya bugar ba. A 1969 Dole ya buga wani ɗan ƙaramin gwaji da ɗaurarrun tsibirin Rikers na Niyu Yok: cikin mutum 12 da aka fara ba metadon kafin saki, 3 ne suka koma kaso, cikin 16 da ba a ba su ba kuwa 15 suka koma. Duk da haka sai a 1987 Rikers ta kafa shiri na dindindin, sauran gidajen wakafi kuwa suka ci gaba da yanke wa mutane maganin da suka shigo suna sha, bisa hujjar cewa musayar ƙwaya da ƙwaya ce.

Abin da wannan hujja ta jawo ya bayyana a 2007, lokacin da Ingrid Binswanger da abokan aikinta suka bi mutum fiye da 30,000 da aka saki a jihar Washintan. A makonni biyun farko bayan saki, haɗarin mutuwarsu ta hanyar shan da ya wuce kima ya ninka na sauran jama'a sau 129. Dalilin a fili yake: jikin da aka yaye ya manta sabonsa, amma mutum bai manta adadin da ya saba sha ba. Wannan gaskiya ta shafi duk dangin ofiyom, har da taramol da kodin da suka addabi garuruwanmu, don haka iyalin da suka kulle ɗansu na ƴan watanni suka sake shi ba tare da wani tanadi ba su san cewa makonnin farko ne mafi haɗari. Wani gwaji a Baltimore, inda aka raba ɗaurarru 204 gida uku ta hanyar ƙuri'a, ya nuna girman bambancin. Cikin shekara guda bayan saki, waɗanda aka yi wa nasiha kaɗai sun yi matsakaicin kwana 23 a kan magani, waɗanda aka haɗa da asibitin waje sun yi 91, waɗanda aka fara ba metadon tun suna ciki sun yi 166.

A 2016 ƙaramar jihar Rhode Island ta fara tantance duk wanda ya shigo hannunta, ta ci gaba da ba shi maganin da ya zo da shi ko ta fara masa sabo, ta kuma ɗora aikin a kan ƙungiyar da ke da asibitoci a waje, ta yadda wanda ya fita yau zai tarar da sunansa a rajista gobe. A watanni shida na farkon 2016, mutum 26 da aka saki ba da jimawa ba suka mutu da shan da ya wuce kima. A irin wannan lokaci na 2017, mutum 9 ne. Jihar ta samu sauƙi don gidan wakafinta da kurkukunta duk a hannun hukuma ɗaya suke, a garin Cranston, abin da yawancin jihohi ba su da shi. Magunguna uku take bayarwa, metadon da bufurenofin da naltirekzon, kuma kowanne daga cikinsu an yi muhimman gwaje-gwajensa na farko a jikin ɗaurarrun Lexington.